Idan Shafin Darasi Ya Ƙi Fitowa: Hanyar Kimiyya ta Gano Matsala a Manhajar Emacs

Gabatarwa

A makarantu da jami'o'i da dama a yau, malami ko ɗalibi kan haɗa kwamfuta da majigi ya haska darasinsa a jikin bango, shafi bayan shafi. Mafi yawan jama'a sun fi sabawa da manhajoji irin su PowerPoint, inda ake zana kowane shafi daban, a ja akwatin rubutu nan, a manna hoto can. Sai dai akwai wata hanya da wasu masana lissafi da na kimiyya suka fi so. Ita ce mutum ya rubuta ƙashin bayan darasinsa da rubutu zalla, mai manyan kanun magana da ƙanana, sannan ya umarci manhajar rubutun ta riƙa nuna kowane kan magana da abin da ke ƙarƙashinsa a matsayin shafi guda. Ta haka takardar shirin darasi da abin da ake haskawa sun zama abu ɗaya, kuma gyara ɗaya ya wadatar.

Hanyar tana da sauƙi, amma kamar kowane aikin na'ura takan cije. Malamin da ke da minti 40 kacal a aji, ko ɗalibin da aka ba minti 10 gaban alƙalan gasa, ba shi da lokacin ɓatawa idan shafi ya ƙi juyawa ko hoto ya ƙi bayyana. Abin da ya fi wannan muni shi ne, wanda ya ruɗe yakan shiga taɓa nan da can ba bisa tsari ba, har ya lalata abin da yake lafiya lau. Wannan maƙala za ta bayyana sassan da suka haɗu suka samar da irin wannan nuni, da matakan binciken matsalarsa, da kuma matsalolin da aka fi cin karo da su tare da maganin kowace. Mai karatu zai lura cewa matakan ba baƙi ba ne, domin su ne dai ake koyarwa a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na sakandare.

Sanin gaɓoɓin kafin neman ciwo

Likita ba ya gane inda ciwo yake sai ya san gaɓoɓin jiki da aikin kowace. Nunin da ake magana a kai yana tsaye ne a kan sassa biyar.

Na farko shi ne Emacs, wata tsohuwar manhajar rubutu da asalinta ya faro a shekarar 1976 a jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka. Nau'inta da aka fi amfani da shi, wato GNU Emacs, Richard Stallman ne ya fitar da shi a 1985. Kyauta ake samun ta, kuma an gina ta yadda kowa zai iya ƙara mata sabon aiki da wani harshen kwamfuta mai suna Lisp.

Na biyu shi ne Org, tsarin da ke sa Emacs ta fahimci rubutu mai kanu-kanu. Carsten Dominik, masanin ilimin taurari a Jami'ar Amstadam ta ƙasar Holan, shi ya ƙirƙiro shi a 2003 domin tsara ayyukansa, kuma tun daga bugu na 22 na Emacs a 2007 ake samun sa a cikinta.

Na uku ita ce 'yar manhajar nuni da ake ɗorawa a kan Org. Akwai irinta da yawa. Biyu daga cikin sanannu su ne org-tree-slide, wadda Takaaki Ishikawa na ƙasar Japan ya fara a 2011, da org-present, wadda Ric Lister ya rubuta a 2012. Wannan maƙala za ta fi ba da misali da ta farko.

Na huɗu shi ne fayil ɗin zaɓe-zaɓe mai suna init.el, wanda Emacs ke karantawa duk lokacin da aka buɗe ta. A nan mai kwamfuta ke rubuta yadda yake son manhajar ta kasance, kuma sau da yawa a nan ɓarna take kwana. Na biyar kuwa ita ce takardar darasin kanta. Ga misalin irinta:

#+title: Zazzaɓin Cizon Sauro
* Ƙwayar cutar
 Ganowar Laveran a 1880
* Sauro mai yaɗa ta
 Binciken Ross a 1897
* Hanyoyin rigakafi

Alamar tauraro ɗaya tana nufin babban kan magana, biyu ƙaramin da ke ƙarƙashinsa, uku na ƙarƙashin wannan, kamar dai yadda ake kasa halittu daga babban rukuni zuwa ƙarami har a kai ga jinsi.

Yadda nunin yake aiki

Wajibi ne a fahimci cewa 'yar manhajar nuni ba ta ƙirƙirar wata sabuwar takarda. Abin da take yi shi ne ƙuntata gani. Tana umartar Emacs ta ɓoye komai ban da reshe ɗaya na rubutun. Idan aka danna madannin ci gaba, sai ta saki wannan reshe ta kama na gaba. Ya yi kama da aikin madubin ganin ƙwayoyin halitta: duk samfurin yana nan a kan gilashi, amma ido ba ya ganin komai sai ɗan da'irar da aka saita a kai. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya fahimci rabin matsalolin da za su zo a ƙasa.

Akwai kuma gajerun alamomi da masu amfani da Emacs ke rubuta umarni da su. Harafin C yana nufin a riƙe madannin Ctrl, harafin M kuma madannin Alt. Saboda haka C-g na nufin a riƙe Ctrl a danna g, kuma wannan shi ne umarnin fasawa, wanda ke fitar da mutum daga duk abin da ya faɗa ciki bisa kuskure. M-x kuwa yana buɗe ɗan layi a ƙasan allo inda ake rubuta sunan umarni. Misali, M-x org-tree-slide-mode shi ke fara nuni, shi ne kuma ke tsayar da shi.

Matakai huɗu na bincike

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kwamfuta ba ta da fushi, ba ta da ganin dama. Duk abin da ta yi yana da dalili, kuma ana iya cim masa ta matakai huɗu.

Mataki na farko shi ne lura da rubutawa. Cewa "ta ƙi yi" ba bayani ba ne. Mai bincike zai rubuta abu uku: abin da ya danna, abin da ya yi tsammani, da abin da ya faru. Emacs takan nuna saƙon kuskure a layin ƙasa na ɗan lokaci ya wuce, amma tana ajiye dukkan saƙonninta a wani shafi da ake buɗewa da C-h e. Idan ana son cikakken bayani, sai a ba da umarnin M-x toggle-debug-on-error, a sake yin abin da ya jawo kuskuren. A wannan karon Emacs za ta buɗe jerin ayyukan da ta bi har ta faɗi. Layin sama shi ne kuskuren, na ƙasa da shi kuma sawun da aka bi aka iso gare shi. Ko mai karatu bai san Lisp ba, sunayen da ke cikin jerin sukan nuna ko laifin na Org ne, ko na 'yar manhajar nuni, ko na wata daban.

Mataki na biyu shi ne warewa. Ɗalibin da ke son tabbatar da cewa ƙwayar wake na bukatar ruwa kafin ta tsiro, yakan shuka a tukwane biyu masu ƙasa iri ɗaya, a wuri ɗaya, ya ba ɗaya ruwa ya hana ɗaya. Haka nan Robert Koch, Bajamushen da ya gano ƙwayar cutar tarin fuka a 1882, bai yarda cewa ita ce sanadin cutar ba sai da ya ware ta ita kaɗai, ya raine ta, ya ga ta sake haifar da cutar a jikin dabba. A Emacs, tukunyar kwatanci ita ce buɗe manhajar da umarnin emacs -Q, wanda ke tayar da ita ba tare da karanta init.el ba. Daga nan sai a ba da M-x package-initialize domin ta san da manhajojin da aka ɗora mata, a buɗe takardar, a fara nuni. Idan matsalar ta ɓace, to laifin yana cikin init.el. Idan tana nan, sai a rubuta sabuwar takarda mai kanu uku kawai a gwada. Idan sabuwar ta yi aiki, laifin yana cikin tsohuwar takarda. Idan ita ma ta ƙi, zargi ya koma kan 'yar manhajar nuni ko saɓaninta da Org. Da gwaji biyu kacal an rage waɗanda ake tuhuma daga biyar zuwa ɗaya ko biyu.

Mataki na uku shi ne rabawa biyu. A ce an tabbatar laifin yana cikin init.el, kuma fayil ɗin yana da umarni 64. Gwada su ɗaya bayan ɗaya zai iya cin gwaji fiye da 60. Maimakon haka sai a kashe rabi, wato 32, ta hanyar sa alamar ; a farkon layukansu, domin Emacs ba ta aiki da layin da ya fara da wannan alama. A rufe manhajar a sake buɗewa. Idan matsalar tana nan, tana cikin rabin da aka bari. Idan ta tafi, tana cikin wanda aka kashe. Sai a sake raba rabin da ake zargi: 32 ya koma 16, sannan 8, 4, 2, 1. Gwaji 6 sun isa. Ko da umarnin sun kai 1,024, gwaji 10 ne kawai ake bukata. Abin kiyayewa shi ne kada a yanke umarni a tsakiyarsa, domin kowane umarnin Lisp yana farawa da baka mai buɗewa ya ƙare da mai rufewa, kuma dole su tafi tare. Wannan dabara tana aiki a kan takardar darasi ma: a kwafe ta, a riƙa cire rabi daga kwafin.

Mataki na huɗu shi ne sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya gyara abu uku tare, matsalar ta tafi, bai san wanne ne maganin ba. Idan kuma ta ƙaru, bai san wanne ya ƙara ta ba. Kafin kowane gyara a ajiye kwafin fayil ɗin yadda yake.

Matsalolin da aka fi gani

1. Emacs ba ta san umarnin ba

Idan aka rubuta M-x org-tree-slide-mode layin ƙasa ya amsa da "No match", ma'anarsa ba a ɗora 'yar manhajar ba. Ana samun ta a rumbun manhajoji na intanet mai suna MELPA, wanda Emacs ba ta duba shi sai an ƙara adireshinsa cikin jerin package-archives. Wani lokaci kuma ɗorawar kan tsaya da cewa ba a sami fayil ɗin ba. Dalili shi ne jerin kayan rumbun da ke kan kwamfutar ya tsufa, yana neman bugun da aka riga aka maye gurbinsa. Umarnin M-x package-refresh-contents yana sabunta jerin, sannan a sake M-x package-install.

2. Kanun magana ba su zama shafi ba

Da farko a dubi layin bayani da ke kusa da ƙasan allo. Idan babu kalmar Org a ciki, Emacs ba ta ɗauki takardar a matsayin mai kanu-kanu ba, galibi saboda sunan fayil ɗin bai ƙare da .org ba. Na biyu, a dubi taurarin. Dole tauraro ya kasance a farkon layi, ba tazara a gabansa, kuma dole a bar tazara ɗaya tsakaninsa da kalmar da ke biye. Tauraron da aka matsar ciki, Org na ɗaukar sa alamar jerin abubuwa ne. Wanda aka manne da kalma kuwa ba kan magana ba ne ko kaɗan.

Wani lokaci yawan shafukan ne ke ba da mamaki. Takardar zazzaɓi da ke sama za ta ba da shafi 3 a org-tree-slide, domin a zaɓinta na asali kowane kan magana shafi ne, babba ko ƙarami. A org-present kuwa manyan kanu ne kaɗai ke raba shafi. Mai son org-tree-slide ta tsaya a manyan kanu zai sa wannan cikin init.el:

(setq org-tree-slide-skip-outline-level 2)

Lambar tana nufin a tsallake duk kan maganar da taurarinsa suka kai 2 ko suka fi. Wanda ya yi kuskure ya sa 1 ya umarce ta ta tsallake komai ke nan. Har ila yau, manhajar tana tsallake kan maganar da ya fara da kalmar COMMENT, kuma tana tsallake masu alamar DONE idan an kunna zaɓin org-tree-slide-skip-done. Ana duba abin da kowane zaɓi ke riƙe da shi ta danna C-h v a rubuta sunansa.

3. Madannin ci gaba ya ƙi aiki

A org-tree-slide, C-> ne ke kai mutum gaba, C-< ke mayar da shi baya. Idan an buɗe Emacs a cikin baƙin allon rubuta umarni, ba a tagarta mai nuna hotuna ba, waɗannan madannai galibi ba sa isa gare ta, domin irin wannan allo ba shi da hanyar aika haɗin Ctrl da waɗannan alamomi. Hanyar tantancewa ita ce a danna C-h k sannan madannin da ake zargi. Emacs za ta faɗi abin da ya iso mata da aikin da aka ɗaura masa. Idan abin da ya iso ba shi aka danna ba, matsalar tana waje da Emacs. Idan ya iso amma wani aiki daban yake yi, wata manhaja ce ta ƙwace shi.

Magani shi ne a ɗaura aikin a kan wasu madannai. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami na biyu: sukan rubuta umarnin ɗaurawa kai tsaye, Emacs ta amsa da "Symbol's value as variable is void", wato abin da ake son gyarawa bai wanzu ba tukuna, domin ba a riga an tayar da 'yar manhajar ba. Daidai shi ne a ce mata ta jira:

(with-eval-after-load 'org-tree-slide
  (define-key org-tree-slide-mode-map (kbd "<next>") 'org-tree-slide-move-next-tree)
  (define-key org-tree-slide-mode-map (kbd "<prior>") 'org-tree-slide-move-previous-tree))

Sunayen next da prior su ne yadda Emacs ke kiran madannan PageDown da PageUp. Akwai fa'ida a zaɓen su, domin yawancin 'yan na'urorin hannu da masu lacca ke juya shafi da su daga nesa waɗannan madannai suke aikawa.

4. Rubutu ya ɓace

Wannan ita ce matsalar da ta fi tayar da hankali, ita ce kuma mafi sauƙi. Mutum ya gama nuni, ya ga takardarsa mai shafi 20 ta koma layi 5. Babu abin da ya ɓace. Nunin ne ya katse ba ta hanyar da ta dace ba, ya bar ganin a ƙuntace. Shaida ita ce kalmar Narrow a layin bayani. Umarnin C-x n w yana buɗe takardar baki ɗaya. Ko da an adana fayil ɗin a cikin wannan hali, Emacs tana adana dukkan rubutun ne, na fili da na ɓoye. Haɗarin yana ga wanda ya ɗauka aikinsa ya salwanta, ya share fayil ɗin ko ya ɗora wani tsohon kwafi a kansa. Idan kuma kanun suna nan amma abin da ke ƙarƙashinsu ya koma ɗigo uku, an naɗe su ne kawai, madannin TAB a kan layin zai warware su.

5. Hoto ya ƙi fitowa, ko ya cika allo

Ana sa hoto a Org da layi irin wannan: [[file:sauro.png]]. Umarnin C-c C-x C-v ne ke nuna shi, ko kuma a sa #+STARTUP: inlineimages a saman takarda domin ya riƙa fitowa da kansa. Abu uku ke hana shi. Na ɗaya, baƙin allon umarni ba ya nuna hoto. Na biyu, idan an ƙara wa mahaɗin wani suna na bayani, Org kan nuna sunan ne a maimakon hoton. Na uku, wanda ya fi yawa, takardar ba ta ɗauke da hoton a cikinta, adireshinsa kawai ta riƙe. Wanda ya kwafe takardar zuwa wata kwamfuta ya bar hotunan a gida, ya tafi da takardar gayyata ne ya bar baƙon. Dole takarda da hotunanta su zauna a jaka ɗaya, su yi tafiya tare.

Idan hoton ya wuce girman allo, ana sa #+ATTR_ORG: :width 500 a layin da ke samansa. Amma wannan ba zai yi tasiri ba muddin zaɓin org-image-actual-width yana riƙe da t, wanda ke nufin a nuna hoto da ainihin girmansa. Sai an mayar da shi nil. Tun daga bugu na 27 a 2020, Emacs tana iya rage girman hoto da kanta ba tare da taimakon wata manhaja ba.

6. Haruffa masu ƙugiya sun rikiɗe

Wannan ta shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye, kuma iri biyu ce. Idan a gurbin ƙ ko ɗ aka ga ɗan akwati mai lambobi a ciki, harafin yana nan lafiya, zubin haruffan da ke kan kwamfutar ne ba shi da siffarsa. A tsarin Unicode lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199, ta ƴ kuma 01B4. Ɗora zubi irin su DejaVu Sans ko Charis SIL, waɗanda ke da su, yana magance wannan. Idan kuwa harafi ɗaya ya rikiɗe ya zama baƙin alamomi biyu, to an karanta fayil ɗin ne da tsarin da ba shi aka rubuta shi da shi ba. A tsarin UTF-8 kowane ɗaya daga cikin haruffan nan yana cin gurbi biyu na ma'ajiya, tsohon tsarin Turai kuwa yana karanta kowane gurbi a matsayin harafi daban. Kada a gyara da hannu. A danna C-x RET r, a rubuta utf-8, Emacs za ta sake karanta fayil ɗin daidai. Umarnin C-u C-x = a kan kowane harafi yana faɗin lambarsa da zubin da aka nuna shi da shi, wanda hakan ke bambance iri na farko da na biyu.

7. Abin da ke aiki jiya ya ƙi yau

Tambayar farko a nan ita ce, me aka sabunta? Kowace Emacs tana zuwa da nata Org: bugu na 29.1 na 2023 ya zo da Org 9.6, bugu na 30.1 na 2025 ya zo da Org 9.7. Idan mutum ya ɗora wani sabon Org a kan wanda ke ciki, yana yiwuwa Emacs ta ɗauko rabi daga wannan, rabi daga wancan, kamar a ƙara wa mara lafiya jinin da bai dace da nasa ba. Umarnin M-x org-version yana faɗin bugun da inda aka ɗauko shi, kuma yana yin gargaɗi idan an cakuɗa. Magani shi ne a cire wanda aka ɗora, a sake ɗora shi a sabuwar buɗewa tun kafin a buɗe kowace takardar Org. Daɗin daɗawa, Org 9.6 da ya fito a ƙarshen 2022 ya sauya hanyar naɗe rubutu da warware shi, abin da ya shafi wasu ƙananan manhajoji da suka dogara da tsohuwar hanya. Saboda haka idan an sabunta Org, a sabunta abin da ke kansa. Daga bugu na 29, umarnin M-x package-recompile-all yana sake harhaɗa dukkan manhajojin da aka ɗora domin su dace da sabon yanayi.

8. An gama nuni, allon bai koma daidai ba

Manhajar ta tanadi marataya biyu, wato wuraren da mutum ke rataya umarninsa: org-tree-slide-play-hook yana aiki lokacin farawa, org-tree-slide-stop-hook lokacin tsayawa. Mutane kan sa umarnin ƙara girman rubutu a na farko su manta da na biyu. Kowane mataki na ƙarin girma yana ninka rubutu sau 1.2, saboda haka mataki 3 ya kai kusan ninki 1.7. Kamar tsokokin hannu ne, ɗaya ta lanƙwashe gwiwar hannu ɗaya ta miƙe ta: duk abin da aka kunna a maratayin farko dole a kashe shi a na biyu. Kafin a gyara, C-x C-0 yana mayar da rubutu girmansa na asali.

Neman taimako da rigakafi

Matambayi ba ya ɓata, amma amsa tana zuwa ne gwargwadon kyawun tambaya. Wanda zai kai kuka wurin masani ya tafi da abu huɗu: bugun Emacs da na Org, ainihin saƙon kuskuren ba yadda ya tuna shi ba, sakamakon gwajin emacs -Q, da 'yar takarda mafi ƙanƙanta da ke nuna matsalar. Sau da yawa wajen tattara waɗannan mutum kan gano amsar da kansa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a sabunta kowace manhaja ana gobe gabatarwa. A gwada nunin daga farko zuwa ƙarshe a kan ainihin kwamfutar da majigin da za a yi aiki da su, a tsaya a bayan aji a ga ko rubutun na karantuwa. Idan allon kwamfuta na nunawa amma bango ya ƙi, matsalar ta waya ce ko ta saitin allo, ba ta Emacs ba. A tanadi mafita: umarnin C-c C-e h h yana mayar da takardar shafin da kowace manhajar shiga intanet za ta buɗe ko babu intanet. Idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, Emacs takan ajiye kwafin ko-ta-kwana bayan kowane dannawa 300, ko bayan an yi daƙiƙa 30 ba a taɓa ta ba, kuma M-x recover-this-file yana dawo da shi. Takarda bugaggiya da alli ma kada a raina su.

Kammalawa

An ga cewa nunin darasi a Emacs yana tsaye a kan sassa biyar, kuma aikinsa ƙuntata gani ne a kan reshe ɗaya na rubutu. An ga matakai huɗu na bincike, wato lura, warewa, rabawa biyu, da sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Sunayen umarni za su iya sauyawa da sauyawar bugu, amma waɗannan matakai su ne makaniki ke bi a kan mota, su ne ma'aikacin asibiti ke bi a kan samfurin jini. Malamai za su iya ɓata takarda da gangan, misali su matsar da tauraro ko su sauya sunan hoto, su ba ɗalibai su gano ɓarnar tare da rubuta kowane gwaji da sakamakonsa.

Tambayoyi

1. Lissafa sassa biyar da nunin ya dogara a kansu, tare da aikin kowane.
2. Bayyana kamancin da ke tsakanin buɗe manhaja da emacs -Q da gwajin tukwanen wake.
3. Fayil yana da umarni 256, ɗaya daga ciki ne ke jawo matsala. Gwaji nawa ake bukata ta hanyar rabawa biyu?
4. Wata ɗaliba ta ga akwati a gurbin harafin ɗ, wata kuma ta ga baƙin alamomi biyu. Mene ne bambancin matsalolinsu, kuma yaya za a magance kowace?
5. Nuni ya yi aiki da emacs -Q a kan takardar darasi, amma ya ƙi a buɗewar yau da kullum. Ina laifin yake, kuma wane mataki ne na gaba?